Baba ɗan masaƙa, ni mai haɗa sola

Assalamu alaikum. An haife ni a Kakuri da ke Kaduna a 1993, kuma ni ne ɗan fari a ɗakinmu. Labarin da zan bayar na shekarun da suka biyo bayan bautar ƙasata ne, lokacin da ni da mahaifina muka zauna gida ɗaya ba wanda ya gane inda ɗan'uwansa ya dosa. Matasa da yawa a garin nan suna cikin irin wannan hali da iyayensu, shi ya sa zan faɗi nawa dalla-dalla.

Wanda bai san Kakuri ta da ba, ba zai fahimci Baba ba. Tun daga 1957 da masaƙar KTL ta fara aiki, masaƙu suka yi ta tsirowa a wannan yanki: UNTL, Arewa, Nortex, Finetex, ga kuma kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a kusa. Aiki kashi uku ne, safe da yamma da dare, jiniya ce ke tashin wasu ta shigar da wasu. Baba ya zo daga ƙauyenmu na ƙasar Zazzau da takardar firamare kawai, aka ɗauke shi a ɗaya daga cikin masaƙun, ya koyi gyaran injin saƙa har ya zama shi ake kira idan inji ya ƙi. Yana da lambar aiki, albashi ba ya wuce ƙarshen wata, akwai asibitin ma'aikata, ana cire kuɗin ƙungiya daga albashinsa. Da wannan ya yi aure, ya sayi keke, ya sayi fili a Rigasa. A wurinsa abin da ake kira aiki ke nan. Duk abin da ba shi da lamba da albashi da sallama a ƙarshe, sunansa buga-buga.

Abu biyu suka rushe wannan duniyar. Na farko rikicin Fabrairun 2000, wanda ya sa muka kwashe kaya muka tsallako gada zuwa Tudun Wada, kamar yadda dubban iyalai suka yi, wasu suka nufi arewacin kogi wasu suka nufi kudu. Na biyu rufe masaƙun, ɗaya bayan ɗaya, tsakanin 2002 da 2007. Tasu Baba na ciki. Haƙƙinsa na sallama bai fito ba. Na tashi ina ganin wata jakar leda da yake ajiye takardunsa a ciki, yana ɗaukarta zuwa taron tsofaffin ma'aikata, ya dawo da labarin wane ya rasu. Da gyaran keken ɗinki da injin markaɗe ya ƙarasa rainonmu. Darasin da ya ɗauka daga wannan musiba ɗaya ne, kuma yana yawan maimaita shi: kamfani yana mutuwa, gwamnati ba ta mutuwa.

Don haka da na gama babbar difloma a fannin lantarki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, na yi bautar ƙasa lokacin alawus yana naira 19,800, abin da ake jira a gida takardar ɗaukar aikin gwamnati ce. Na cika fom ɗin hukumomin kaki, na cika na ma'aikatu, na zauna jarrabawar kwamfuta, mai kafe ɗin intanet ya san lambar wayata da ka. Shiru. A 2017 gwamnatin jiha ta yi wa malaman firamare jarrabawa, aka sallami sama da 21,000. Na roƙi Umma ta nuna wa Baba cewa aikin gwamnatin ma yanzu ba gado ba ne. Amsar da ta dawo min da ita: waɗancan faɗuwa suka yi, kai ba za ka faɗi ba.

Na ce na roƙi Umma, domin ni da Baba ba ma zama mu tattauna. Alkunyar ɗan fari ce. Bai taɓa kiran sunana ba, "yaron nan" yake cewa. Ina durƙusawa in gaishe shi da safe, ya amsa yana kallon wani wuri, shi ke nan. Duk maganar da ta fi gaisuwa nauyi sai ta bi ta wurin Umma ko ta wurin Baffa, ƙanensa. Ba na raina wannan al'ada, tana da kyawunta. Amma saƙon da ya bi ta bakin mutum biyu yakan isa babu dalilansa, sai hukuncin kawai.

Ana cikin haka wani mutum ya zo ta hannun wani da suke sallah tare da Baba, ya ce akwai gurbi a wata hukumar tarayya. Zan faɗi yadda abin yake tafiya, don har gobe ana yi wa mutane. Za a ce guraben na wani babba ne, saura biyu, kada a gaya wa kowa. Za a nemi rabin kuɗi hannu da hannu, ko a tura asusun wani mutum, ba rasit. Bayan ɗan lokaci za a kawo takarda mai tambari da hatimi da sa hannu, har da matakin albashi, a karɓi cikon kuɗin. Daga nan ranar tantance takardu za ta fara tafiya: wannan wata, wata mai zuwa, an canja shugaba, ana jiran kasafin kuɗi. Ɗaukar aiki na gaskiya ana tallata shi, ana fitar da sunaye a fili, kuma hukumar da kanta take kiran mutum. Baba ya sayar da filin Rigasa. Na hau jirgin ƙasa daga tashar Rigasa zuwa Abuja da takardar a cikin fayil. A bakin ƙofa ma'aikacin ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Malam, yi haƙuri, ba kai ne na farko ba."

Wannan fili shi ne abu na ƙarshe da masaƙa ta bar wa Baba. Gidan ya yi tsit na tsawon lokaci. Ba wanda ya zargi wani, kuma wannan ya fi ciwo. Na daina zama a majalisa saboda tambayar "ya ake ciki?". Ina dawowa daga Asuba in kwanta har rana ta take, abinci ba ya min daɗi, wando ya fara zamewa. Yarinyar da nake nema aka ba wani, domin tambayar farko da waliyyinta ya yi wa Baffa ita ce mene ne aikina, Baffa kuma ba ya ƙarya. Ban ga laifinsu ba. Baba ya yi aure yana ɗan ashirin da 'yan kai da albashinsa. Ni ina dosar talatin ko akwati ɗaya na lefe ba zan iya cikawa ba.

Akwai wani magidanci a layinmu mai haɗa sola, yana neman yaron da zai riƙe masa tsani ya ja waya. Na daɗe ina juya abin a raina. Abin da ya tsaya min ba wahalar ba ce, idon unguwa ne: mai difloma da tsani a kafaɗa. Daga ƙarshe na je na same shi, sannan na roƙi Baffa ya kai maganar. Baba ya ce, "Ashe fili na sayar don ya hau kwanon mutane." Bai hana ba, bai kuma sa albarka ba. Na fara fita.

A nan zan ɗan tsaya, saboda masu tambayata yadda sana'ar take. Yawancin masu ɓata ta ba a kan kwano suke ɓatawa ba, a lissafi ne. Kafin a sayi ko ƙusa, a rubuta duk abin da mai gida zai kunna, ƙarfinsa da awannin da zai yi. Misali: fanka 3 masu wat 75 na awa 8, ya ba da wat-awa 1,800, wato wat sau awanni. Ƙwan fitila 8 masu wat 10 na awa 6, 480. Talabijin mai wat 80 na awa 5, 400. Cajin wayoyi a sa 100. Jimla kusan 2,800 a rana. A ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda abin da ke salwanta a waya da inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida), ya zama 3,500. A Kaduna muna lissafi da awa 5 na rana mai ƙarfi, wato fanel, faifan da ke karɓar hasken rana, na wat 700 a takarda. Amma wanda ya tsaya a 700 zai sha kira a watan Agusta idan hadari ya rufe sama kwana da kwanaki, don haka a kai shi wajen 1,000.

Batir ne ke cinye kuɗin, shi ne kuma ke fara mutuwa. Batirin ruwa mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400, amma rabi kawai ake so a sha, in ana son ya yi shekaru. Gidan da ke cin 2,000 da dare yana buƙatar guda biyu, a jera su su ba da bolt 24. Na litiyam ana iya shan kashi 80 cikin 100 nasa har da ɗoriya, ya fi tsada a saye, ya fi araha idan aka raba kuɗin da shekarunsa. Ba a haɗa sabon batir da tsoho, tsohon zai ja sabon ƙasa. Ba a zuba wa batirin ruwa ruwan rijiya ko na leda, sai tataccen ruwan batir, kuma a duba shi duk wata. Batirin da aka rubuta masa 200 ya kamata ya kai kusan kilo 60. Idan yaro ɗaya ya ɗaga shi ba nishi, a bar wa mai shago kayansa. Haka fanel: takardar da aka manna a bayansa ba hujja ba ce, a auna girmansa, a sa masa mita a rana.

Fanel yana fuskantar kudu, a karkace shi digiri 10 zuwa 15 don ruwan sama ya riƙa wanke shi. A kula da inuwar tankin ruwa ko reshen mangwaro, domin fanel ɗaya da inuwa ta taɓa yana rage ƙarfin duk waɗanda aka jera da shi. Da hunturu ƙura tana rufe gilashin, a wanke da safe ko da yamma, ba da tsakar rana yana da zafi ba. Wajen haɗawa batir ake fara jonawa da kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, sannan fanel. Wajen cirewa a fara da fanel. Tsakanin batir da inbata waya mai kauri ake sawa, murabba'in milimita 16 zuwa 25 gwargwadon nauyi, kuma gajera. A kafa sandar ƙarfen da ke sauke wuta cikin ƙasa da na'urar kare tsawa, damina a Kaduna ba ta wasa. Sannan a zaunar da matar gida, ba maigidan kaɗai ba, a gaya mata cewa dutsen guga da hita da butar lantarki kowanne yana jan wat 1,000 zuwa 2,000, ba na wannan layin ba ne. Firji kuma lokacin tashi yana jan ninki uku ko fiye na abin da aka rubuta masa, sai a zaɓi inbata da wannan a rai.

Ta wannan ƙofar Baba ya fara shigowa. Wata rana ina zaure ina shirya wayoyin wani aiki, ya wuce, ya dawo, ya ɗauki waya ɗaya ya ja bakinta. Ya ce wa bango, ba ni ba, "Duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe bai matsu ba, wuta ce." Gaskiya ya faɗa: bakin wayar batir da bai matsu ba yana zafi har ya narkar da roba, shi ya sa ake matse shi da kan tagulla a ɗaure da sifana, ba a naɗa shi da hannu ba. Bayan kwana biyu Umma ta miƙo min wani tsohon littafi mai bangon kwali. Littafinsa ne na masaƙa: lambar kowane inji, ranar da ya lalace, abin da aka canja. Tun daga nan kowane gida da na yi wa aiki yana da shafinsa, da lambar batir da ranar da aka sa shi. Wannan rubutu ya raba ni da rigima da masu gida ba sau ɗaya ba.

Aikina na farko mai tsoka ma ta hannunsa ya zo. Wani tsohon abokin aikinsa, Kirista daga Kudancin Kaduna da ke zaune a Sabon Tasha, ya kira gaisuwa, Baba ya ambata masa. Wannan wani abu ne da nake yawan tunani a kai. Su Baba sun yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Bajju da Tibi da Idoma da Yarabawa, sun ci abinci a kwano ɗaya a kantin masaƙa. Mu da muka tashi bayan 2000 muna da abokai dubu a Facebook, amma da yawanmu ba su da gida ɗaya a unguwar Narayi ko ta Television da za su shiga su sha ruwa. Sana'a ce ta mayar da ni tsallaken gada.

A 2022 hawan jini ya kayar da Baba, ɓarin jikinsa ya shanye. A nan na gane abin da yake nema min tun farko. Ba gwamnati yake ƙauna ba, tabbas yake nema: abin da zai ci gaba da shigowa ranar da jiki ya ƙi. Duk ranar da na kwana asibiti ban hau kwano ba, ko sisi ba ya shigowa, ga kuɗin hoton kai, ga magani, ga gashin ƙashi. Jarin da na tara ya narke. Ma'aikaci a ƙarƙashin dokar fansho ta 2014 ana cire masa kashi 8 cikin 100, mai aikin ya ƙara 10. Mai sana'ar hannu ba wanda zai cire masa, sai shi da kansa.

Da Allah ya ba shi sauƙi sai na sake tsari. Na yi wa sana'ar rajistar suna, na buɗe mata asusu daban, na yanka wa kaina albashi, abin da ya haura na jari ne. Kashi ɗaya cikin goma na kowace riba yana tafiya inda hannuna ba ya kaiwa da sauƙi. Akwai tsarin ƙaramin fansho na masu zaman kansu da aka ƙaddamar a 2019, wanda a lokacin ake iya cire kashi 40 idan buƙata ta taso, 60 kuma ya jira tsufa, na shiga. Na sa iyayena a tsarin inshorar lafiya na jiha. Kuma tun da dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, ba na ba da farashin da ya wuce kwana uku, ba na fara aiki sai an biya kuɗin kaya gaba ɗaya. Aikin kansa ya ƙaru: cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya sa janareta ya gagari mutane, kuɗin wutar rukunin A, masu samun wuta fiye da kowa, ya koma naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, sannan a Oktoban shekarar Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu. A lokacin ko barcin kirki ba ma samu.

Siyasa kuwa, gidanmu jam'iyya uku ce. Baba ɗan PRP ne na Malam Aminu Kano. Yana ba da labarin zaɓen Balarabe Musa a 1979 da tsige shi a 1981 da zafin rai har yau. A zamaninsu mutum yana yankar katin jam'iyya da kuɗinsa, yana zuwa taron mazaɓa, kuma akan san shi da aƙidarsa har ya mutu. Mu namu ya zo a 2015. Muka kasa, muka tsare, muka raka, muka kwana a rumfar zaɓe da fitilar waya. Mutum muka bi, ba tsari ba, shi ya sa da abubuwa suka ƙi sauyawa yawancinmu ba mu da inda za mu kai kuka, sai muka watse. Dokar da ta rage shekarun takara a 2018 ta ba ɗan shekara 25 damar neman majalisar jiha ko ta wakilai, amma a 2022 fom ɗin majalisar wakilai a APC naira miliyan 10 ne kafin rangwamen matasa, ga kuma daliget suna jira. A ganina shekaru ba su taɓa zama babban shingen ba.

Autanmu, haifaffen 2004, shi ba ruwansa da jam'iyya. Shi ne kuma yake zama a gefen katifar Baba ya yi musu da shi ido cikin ido, abin da ni ko a mafarki. Ya fita zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, wadda ta kai ga dokar hana fita a Kaduna da Zariya. Da ya dawo Baba ya titsiye shi: "Wa ke jagorantarku? Wa zai zauna da gwamnati a madadinku? Me za a ba ku ku koma gida?" Ya ce a ƙungiyar masaƙa kafin yajin aiki sai an rubuta buƙatu, an ba da wa'adi, an naɗa masu magana. Auta ya ce, "Baba, to duk da haka ina kuɗin sallamarku?" Umma ta daka masa tsawa. Baba bai ce komai ba. Ni dai na ga kowannensu ya taɓa gaskiya, kuma tambayoyin Baba uku har yanzu ban ji wanda ya amsa su ba.

Wajen aiki ma haka. Auta ya yi watanni yana dannan waya da sunan mainin, wato tara kuɗin kirifto, shi da abokansa, suna lissafin motocin da za su saya. Da Hamster, manhajar da suke dannawa, ta fashe, wato aka fara sayar da kuɗinta, a Satumban 2024, abin da ya samu bai biya datar da ya ƙona ba. Wannan ɓata lokaci ne, na gaya masa. Amma yana da wata baiwar: yana ɗaukar bidiyo yana tacewa ga masu sayar da atamfa da turare a TikTok da Instagram, ana biyansa, wani watan ma ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci. Baba ba ya lissafa wannan a aiki. Ni ina lissafawa, rigimata da shi a wani wuri take: ba ya rubuta abin da ya shigo, ba ya karɓar kafin alƙalami, kuma duk sana'ar tana cikin waya ɗaya da shafi ɗaya da za a iya sacewa ko rufewa dare ɗaya.

Yanzu mun yi yarjejeniya. Yana bina wurin aiki ya ɗauki bidiyo, ina biyansa kan kowane ɗaya kamar yadda zan biya bare, amma ina riƙe kashi ɗaya cikin goma in zuba a asusun da muka buɗe da sunansa. Yana ƙorafi duk wata, yana kai ƙarata wurin Baba, Baba kuma a wannan karon yana bayana. Na ce ya koyi ko da lissafin batir ne, ya ce shi ba zai hau kwano ba. Maganar zaɓen 2027 kuma Baba ya riga ya ce ko a keken guragu sai an kai shi rumfa, auta ya ce katinsa na buɗe asusun banki ne kawai, ni kuma aka bar min ɗaukar Baba.